Furfurar Gaban Goshi

Shafi na 19

Masu bina ta bayan fage suna cewa na bar Keturah tsaye a rana, ku yi haƙuri, wayata ce ta sha ruwan wanki. Yau dai mun shiga shagon Becky. Mai cin abinci ya ƙarasa kafin ya fara karantawa, kar a ce ban faɗa ba.

*

Da gangan Keturah ta zaɓi tsakar rana. A Jimeta, cikin watan Afrilu, in rana ta take ko akuya ba ta tsallaka titi sai da ƙwaƙƙwaran dalili, balle mace mai son gyaran kai. Ta san a irin wannan lokacin shagon Becky ba kowa sai fanka da ƙudaje.

Mai keke ya sauke ta a bakin layin, ta ƙarasa da ƙafa a hankali tana bin inuwar katangu. Ɗankwalinta ta ja shi har kan gira. Duk unguwar Demsawo an san Malama Keturah ba ta ɗaura ɗankwali sai ranar Lahadi, shi ma da an tashi daga coci take zare shi ta cusa a jaka. To ga shi yanzu har barci da shi take yi.

Gidan da ta baro cike yake dam. Dangi sun zo daga ƙauye saboda bikin 'yarta tilo, Peculiar, wanda za a yi ranar Asabar. Ana daka, ana suya, ana rigima a kan anko. Kowa "Maman amarya" yake kira, kowa da abin da yake so a miƙo masa, amma ba wanda ya dube ta da kyau har ya ga zobenta ya fara yawo a yatsa. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan makon ba, ko lokacin da aka kai mijinta Eli makwancinsa, jama'a suka watse suka bar ta da kujerun haya.

Ta tura ƙofar gilashin shagon.

"Malama, ka zo?" Becky ta miƙe daga kan benci tana mutsuttsuka ido. "Na ɗauka sai yamma zan gan ka."

Becky tsohuwar ɗalibarta ce, kuma ƙawar Peculiar tun suna makarantar Lahadi. Hausarta irin ta Jimeta ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Keturah ta yi shekaru tana gyara mata a aji har ta gaji ta sallama.

"Da yamma akwai mutane," in ji Keturah.

"Mutane ai su ne kasuwa. Zauna, Malama. Peculiar ya kawo gashin tun jiya, naka da nashi iri ɗaya. Ya ce uwa da 'ya za ku yi anko har a kai."

Ta jawo leda daga ƙarƙashin tebur ta zazzage. Gashi ne baƙi wuluk, dogo, ɗauri-ɗauri, sai sheƙi yake. Keturah ta taɓa shi da yatsa ɗaya ta janye hannu.

"Yi mini bayani tukuna, Becky. Ni ban taɓa sa wannan abin ba. Ta yaya ake ɗora shi?"

Ba abin da Becky take so a duniya kamar a tambaye ta sana'arta. Nan take barcin ya wartsake. Ta sauko da kawunan roba uku daga kan kanta ta jera su gaban madubi, kowanne da irin gyaransa.

"Duka dai kitso ake fara yi a ƙasa, sai a ɗinka gashin a kan kitson layi-layi. Gaba ne ke bambanta su. Wannan na farko, a bar gaba a waje. Naka na goshi zan bari, ya kwanto ya rufe ɗinkin. Shi Peculiar ya ce in yi maka."

"Na biyun fa?"

"Kulosha kenan." Ta ɗaga wani guntun raga mai gashi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. "A ɗinka shi a sama, inda tsaga take. Yana rufe tsakiyar goshi, amma gefen kunne naka ne ke fitowa."

"Na ukun?"

"Furontal. Daga kunne zuwa kunne. A manna shi da gam a fatar goshi. Gashinka ko sili ɗaya ba zai leƙo ba."

"Shi nake so."

Becky ta dube ta, sai ta fashe da dariya.

"Malama, a garin nan? Ka san zafin Yola kuwa? Akwai wata amarya daga Yolde Pate, na ce kar ya sa, ya ce shi dai sai furontal. Ana tsakar rawa gumi ya narkar da gam, goshin ya ɗaga kamar murfin tukunya. Mai hoto kuma bai ji tausayi ba, ya ɗauka."

"Ni ba rawa zan yi ba."

"Za ka yi. Akwai rawar uwa da amarya, an sa a tsari. Kuma ko ba rawa, Peculiar ya ja mini kunne. Ya ce, Becky, in kin rufe farin gashin Momi ni da ke ne."

Keturah ta sunkuyar da kai.

Wanda bai san ta ba sai a gaya masa. Tun tana budurwa Keturah take da wata furfura a gaban goshi, ɓangaren hagu, tsiri guda fari fat a cikin baƙin gashi. Ba ta tsufa ba ce, haka Allah ya yi ta. 'Yan makaranta sun sa mata suna da ita a ɓoye, mata sun sha ba ta shawarar ta shafa baƙi, ta ƙi. Eli ne ya hana. Fitila yake kiranta. Ya ce ranar da ya fara shiga cocinsu baƙo ne, bai san kowa ba, wannan farin ya hango a cikin mawaƙa ya bi shi har gida. Peculiar ma da shi ta yi wayo, in tana shan nono sai ta damƙe shi a hannu kafin ta yi barci.

Shekaranjiya da dare ya yi, yarinyar ta zo ta zauna a bakin gadonta ta ce, "Momi, Dadi ba zai shiga hoton bikina ba, amma fitilarsa za ta shiga." Keturah ta ce to, tana riƙe da ƙullin ɗankwalinta ta baya.

"Bari mu ga kan dai tukuna," in ji Becky, ta kai hannu.

Caraf Keturah ta riƙe mata wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, amma Becky ta tsaya cak.

"Rufe ƙofa."

"Malama?"

"Ki sa sakata, ki ja labule."

Becky ta yi yadda aka ce. Shagon ya yi duhu-duhu, ba ka jin komai sai fanka tana juyi. Keturah ta ɗaga hannu biyu ta kwance ƙullin da kanta, ta zare ɗankwalin ta ninke a cinya. Ba ta kalli madubi ba.

Becky ta ƙura wa kan ido.

Gashin yana nan, amma ba shi ba ne. Wancan mai cika da ake karya mataji a cikinsa ya zama tsilli-tsilli, fata tana leƙowa nan da can. Ƙeya kusan ba komai. Farin na goshi ne kaɗai yake tsaye a wurinsa kamar bai san abin da ake ciki ba.

"Wane mai ka shafa?" Muryar Becky ta yi ƙasa. "Ko wani ne ya sa maka rilaksa na miƙar da gashi ya bar shi ya daɗe? Faɗa mini sunan shagon."

"Ba mai ba ne."

"To makero ne? Akwai magani, ina da..."

"Sa mataji ki gani."

Becky ta ɗauki mataji mai manyan haƙora ta sa a gefe, a hankali, yadda ake taje wa jariri. Ba ta ja ba. Gashin ya biyo matajin da kansa, dunƙule guda, ya zubo a kafaɗar Keturah ya gangara ƙasa.

Matajin ya faɗi daga hannun Becky.

"Kansa ce," Keturah ta ce, idonta a kan ɗankwalin da ke cinyarta. "A mama. An fara ɗaura mini ruwan magani. Likita ya gaya mini gashin zai zube, na ɗauka zai yi mini kara ya kai Asabar."

Wannan ne karo na farko da ta faɗi sunan ciwon da bakinta ga wani mahaluki a wajen asibiti. Ta ɗauka in ta faɗa za ta ji sauƙi. Ba ta ji ba, sai ma abin ya ƙara zama gaskiya.

Becky ta durƙushe a gaban kujerar.

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Kirsimeti."

"Bitar da Peculiar ya ce kana zuwa cikin Yola..."

"Ita ce."

"Wa ke raka ka?"

Keturah ta yi ɗan murmushi.

"Mai keke."

"Malama, don Allah."

"Ni kaɗai nake zuwa, Becky. In zauna a ɗaura mini, in ya ƙare in huta a benci har jirin ya sake ni, in dawo gida in ce bita ta yi tsawo." Ta gyara ninkin ɗankwalin. "Akwai wata Hafsah 'yar Wuro Hausa, kujerarta kusa da tawa. Ita in za ta zo gayya guda ake yi, yayye, ƙanne, 'ya'ya, har da mai riƙe mata takalmi. Su zo da kunun gyaɗa a filas, su zuba mini. Kullum sai ta ce, Adda Keturah, ina mutanenki? In ce suna wurin aiki."

"Kana da mutane. Gidanka cike yake yanzu haka."

"Cike yake."

Keturah ta sake ninke ɗankwalin.

"Ran nan Hafsah take tsokanata, wai su dai gyale ya rufa musu asiri, ni da ba na ɗaura ɗankwali yaya zan yi. Muka yi ta dariya. Da aka tashi suka cika mota suka tafi, ni na tsaya a bakin get ɗin asibiti ina tare keke."

Becky ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe tsaye.

"Zan kira Peculiar."

"Ba za ki kira ta ba."

"'Yarka ne. Shi kaɗai ka haifa."

"Shi ya sa. Zauna ki ji." Muryar aji ce ta fito, wadda Becky ta sani tun tana 'yar shekara goma sha, sai ga ta ta zauna a bakin benci ba shiri. "Kin manta abin da ta yi da Dadinta ya rasu? An sa rana, an buga kati, ta ce a fasa. Ta ajiye aikinta a Gombe ta dawo tana kwana a ƙasan gadona, wai kar in tashi cikin dare in ga ba kowa. Sama da shekara ina korarta tana ƙi. Sammy, angon nata, ya jira. Iyayensa suka yi ta gunaguni, ya toshe kunne ya jira. Da ƙyar na samu ta koma aiki aka sake sa rana. Yanzu ki gaya mini, in ta ji wannan, za ta shiga cocin nan ranar Asabar?"

Becky ta kawar da kai. Ta san ƙawarta.

"Ban san ko Sammy zai sake jira ba, kuma ba zan gwada shi ba. Ba zan yarda yarinyar nan ta ƙare ƙuruciyarta tana riƙe mini roba ina amai ba."

"To bayan Asabar fa?"

"Bayan Asabar ta zama matar mutum, tana Fatakwal. Sai in gaya mata a waya."

"A waya, Malama?"

"A waya ba ta ganin kaina."

"Ka kuma zauna a gidan nan kai kaɗai, da ciwo."

"Na saba."

Ƙarya ta yi, kuma su biyun sun sani. Ba wanda yake sabawa da wannan. Keturah tana tsoro, tsoro mai tsanani, musamman in ta tuna da Litinin, ranar da baƙi za su kwashe tabarminsu, gidan ya koma daga ita sai agogon bango. Amma ta riga ta auna tsoron nan da auren 'yarta, ta ga wanda ya fi nauyi.

"In ya gane na sani na ɓoye," Becky ta ce a hankali, "ni da shi har abada."

"Na sani. Abin da nake roƙonki ke nan, kuma na san ba ƙarami ba ne. Ban taɓa roƙonki komai ba, 'yata."

Becky ta ja dogon numfashi. Ta tashi ta zagaya bayan kujerar, ta sa yatsu tana duba kan a hankali, wannan karon da idon sana'a. Ta kama wani ɗan tsiri ta gwada tufka shi. Kafin ta kai rabi ya rabu da fatar ya zauna a hannunta.

"Kitso ba zai kama ba."

"Ko ƙanana?"

"Ko ƙanana. Ɗinki kuma kitso ne ke riƙe shi. Ba kitso, ba inda allura zai shiga. A bar gaba a waje ya fita. Kulosha ya fita."

"Saura na gam ɗin."

"Shi ma bayansa ɗinki ne. Kuma ko ba haka ba, ba zan sa gam a fatar nan ba, Malama. Dubi yadda ya yi laushi. In na manna, ranar cirewa da fata zai taho. Ka kore ni daga garin nan, ba zan sa ba."

"Ke nan babu ko ɗaya."

Becky ta gyaɗa kai.

Keturah ta kalli kawunan roban nan uku da ke jere gaban madubi. Kowannensu ya fi ta gashi. Tun daga gida take lissafin zaɓi take da shi, ta zo ta zaɓa, ashe ba abin da ya rage mata. Ta fara warware ɗankwalin za ta mayar.

"To zan ce mata kaina ke ciwo, in yini da ɗaurin ashoke a kai."

"Ba zai yarda ba. Da hannunsa zai cire a wurin rawa, ka san shi." Becky tana magana tana kallon kan roban na tsakiya. Can sai ta ɗaga yatsa. "Tsaya. Akwai na huɗu."

"Kin ce uku ne."

"Uku ne a kan mutum. Wannan a kan roba zan yi. In auna kanka, in samu hular raga daidai kai, in ɗinka gashin duka a jikin hular. Gaba in sa kulosha. Ka sa kamar hula, da ɗan roba a ƙeya yana riƙewa. Ba kitso, ba gam. Gefen kunne in kwanto da gashin ya rufe."

"Hular gashi kenan. Da ta kalle ni za ta nemi farin."

"Zai gan shi."

Becky ta jawo wata 'yar fakiti daga kan tebur ta zaro kulosha sabo fil, ta shimfiɗa a tafin hannunta.

"Wannan na Peculiar ne, gwadawa kawai zan yi, gobe in shiga kasuwa in samo maka irinsa. Ka ga ragar nan? Kowane gashi da ke jiki da hannu aka ɗaura shi, sili-sili, da wata 'yar ƙugiya. Ina da ƙugiyar. In cire baƙin da ke nan gefen hagu, in ɗauki farin naka, naka na gaske, in ɗaura shi a wurin. Daidai inda yake zama."

Keturah ta ɗago ta dube ta ta cikin madubi.

"Ana yin haka?"

"Aikin kashe ido ne, amma ana yi."

"Kafin Asabar?"

"Ko ba zan runtsa ba."

Wani abu ya motsa a ƙirjin Keturah, abin da ta kwana biyu ba ta ji ba. Ba murna ba ce, amma ta yi kusa da ita.

"To yanke shi."

Becky ta ɗauko almakashi da baƙin zare. Ta ce sai ta fara ɗaure shi tukuna don kar ya watse. Ta tattara farin gashin a tsakanin yatsu biyu, ta zagaya zaren, ta ƙulla, ta ɗan ja ƙullin don ya kama.

Ba a kai ga almakashi ba. Tsirin ya taho gaba ɗaya, har saiwa, ba ko zafi.

Becky ta tsaya da shi a hannu, bakinta a buɗe.

Sai a lokacin Keturah ta kalli madubi sosai. Wata mata ta gani, mai faɗin goshi da zurmammun idanu, wadda da a kasuwa suka haɗu ba za ta gaishe ta ba. Ranar da aka ce mata kansa ce ba ta yi kuka ba. Ranar da ta fara tsince gashi a ƙasan banɗaki tana ɓoyewa a aljihun jaka ba ta yi kuka ba. Yau kam ta ji kamar an sake zuwa an gaya mata Eli ya rasu. Abin da ya gani ya bi ta har gida ga shi can a hannun wata, ɗaure da zare.

Hawayen suka zubo, ba sauti. Becky ta ajiye tsirin a kan kulosha ɗin, ta rungumo kan a ƙirjinta, kan da ba wanda ya taɓa shi tun da aka fara maganin. Suka daɗe a haka.

Keturah ce ta fara janyewa.

"Ya isa. Share wurin nan kar wani ya zo."

Becky tana da wata ƙa'ida da ta gada wurin uwarta mai kitso: gashin mutum ba ya kwana a shagonta. Duk abin da ya zuba sai ta tattara ta ƙulle a leda ta damƙa wa mai shi, kowa ya je ya binne abinsa, kar wata rana a ce an yi wa wance asiri da gashin da ta bari wurin Becky. Yawanci ƙullin bai wuce girman goro ba. Na yau sai da ya cika leda.

Ta miƙa mata da hannu biyu. Keturah ta karɓa ta tura can ƙasan jaka.

"Farin kaɗai zai kwana a nan," in ji Becky. "Yau na karya doka."

Ana haka aka buga ƙofa.

"Becky, buɗe mana. Na san Momi na ciki."

Muryar Peculiar ce.

Keturah ta wawuri ɗankwali. Ƙullin farko ya kwance, ta sake. Becky ta yi wurgi da tsintsiya bayan kanta, ta dunƙule kulosha ɗin ta cusa a fakitinsa ta jefa kan tebur, ta goge ido da gefen riga. Ta dubi Keturah. Keturah ta ja ɗankwalin har gira ta gyaɗa kai.

Aka zare sakata.

Peculiar ta shigo da zafin rana a jikinta, kula a hannu ɗaya, waya a ɗayan, lalle ja a yatsunta. Doguwa ce kamar ubanta, kuma kamar shi ba ta iya shiga wuri shiru ba.

"Me kuke yi da ƙofa a kulle da rana tsaka?"

"Gulmarka," in ji Becky.

"Na sani ai. Momi, an ce kin fita ba ki ci komai ba. Ga faten doya, ba yaji, yadda kike so kwanan nan." Ta dire kular ta tsaya tana kallon uwar. "Kin rame fa. Bikin nan ne ko? Ki bari ya wuce, wata guda za ki yi kina barci."

"Zan yi," in ji Keturah.

"Idonki ya yi ja."

"Man da Becky ta shafa mini ne, yana da yaji."

"To mu ga kan."

"Kar ka taɓa," Becky ta yi saurin shiga tsakani. "Na sa mai, sai ya kwana a rufe. In iska ya shiga aikin ya ɓaci."

"Ke da dokokinki." Peculiar ta harare ta cikin wasa. "Kin dai ji abin da na ce ko? Ban yarda da kulosha ba, ban yarda da furontal ba. A bar mini fitilar Dadi a waje."

Becky ta kalli Keturah ta cikin madubi.

"Zai fito a hoto. Na yi alkawari."

"Yawwa."

Peculiar ta zagayo ta rungume uwarta ta baya, ta ɗora haɓa a tsakiyar kanta kamar yadda ta saba. Keturah ta ƙame, ta daina numfashi. Ta ji haɓar ta sauka a kan ƙyalle, ƙyallen kuma a kan fata, ba tudun gashin da ya saba tare ta. Yarinyar ta ɗan yi jim. Sai wayarta ta yi ƙara, ta saki ta duba.

"Tela ne, wai in zo gwaji. Na tafi. Momi, ki cinye fa, zan duba kular."

Ta kai bakin ƙofa. Keturah ta saki numfashin a hankali. An tsallake.

"Af, na manta." Peculiar ta juyo ta dawo wurin tebur. "Ƙanwar Sammy na son ganin kulosha ɗina, wai za ta sayi irinsa."

Ta ɗauki fakitin.

"Bari in kawo maka da yamma," Becky ta ce, muryarta ta canza. "Ban gama da shi ba."

"Me za ki yi masa? Ai ga shi a hannuna, yanzu zan dawo da shi. Wa ma ya dunƙule mini shi haka?"

Ta matsa inda hasken ƙofa yake, ta zaro shi ta girgiza don ya miƙe.

Wani abu fari ya faɗo a kan ƙafarta.

Ta sunkuya ta ɗauka. Ta juya shi a tafin hannu, ta kalli baƙin zaren, ta kalli tsawonsa. Ta shafa shi da babban yatsa, irin shafar da ba a koya wa mutum. Sannan ta juya ɗaya bakin, ta kai kusa da ido. Ta daɗe tana kallon 'yan saiwoyin.

Fanka na ta juyi. Ba wanda ya motsa.

"Wannan ba almakashi ne ya yanke shi ba," Peculiar ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta dubi Becky. Becky ta juya fuska bango.

Wayar ta sake ƙara a hannunta. Ba ta ko kalla ba, ta ajiye ta a kan tebur, ta tako a hankali har gaban kujerar ta durƙusa.

"Momi, wace irin bita kike zuwa a Yola?"

Keturah ta buɗe baki, ƙaryar da ta saba fitowa ba ta fito ba. Ta ɗaga hannu za ta dafe ƙullin ɗankwalin, sai ta tarar hannun 'yarta ya riga nata isa wurin.